Roba da Ƙarfe a Idon Babana

Mun daɗe muna faɗa da Baba a kan idonsa na hagu. Likita ya ce a yi masa aiki, ni na ce a yi, abokin aikinsa na gareji ya ce a yi, shi kuwa mai idon ya ce a bar masa kayansa. Idan ba a yi ba sana'arsa ce za ta fara tafiya, daga baya idon ma ya bi ta. Ya san haka sarai, ya fi kowa sani. Ni kuma Allah bai yi ni da haƙuri ba, don haka duk ranar da na je gidan sai mun yi, in fito ina huci, sai na kai bakin titi in tuna ko tambayarsa ban yi ba ko ya ci abinci.

Babana mai fentin mota ne. Garejinsa rumfar kwano ce a bayan gidanmu, katanga ɗaya ta raba su, sai wata 'yar ƙofar langa-langa da yake bi ya shiga ya fita. Rabin rumfar nasa ne, rabi na wani mai gyaran bodi da kowa ke kira Mai Guduma. Mu Kawu muke ce masa, ko da yake ba mu haɗa komai da shi ba sai ƙarar gudumarsa da muka tashi a cikinta. Kawu ya buga ya miƙar, Baba ya goge ya fesa. Haka suka tsufa tare, kowa na cewa ɗan'uwansa ne ke ɓata masa aiki.

A layin masu gyara ba mai kiran Baba da sunansa. Sai-da-safe suke ce masa, don ba ya ba da mota ranar da ya gama ta. Mai mota zai zo da yamma ya tarar da ita tana ƙyalli, ya miƙo hannu a ba shi makulli, Baba ya goge yatsunsa da tsumma ya ce, "Sai da safe, ranka ya daɗe." Wani ya yi dariya, wani ya yi ta faɗa kamar zai ari baki, shi ko a jikinsa. Sai ya ga motar a hasken yamma, ya sake ganinta a hasken safe, ya zagaya ta, ya tsuguna, ya ja da baya har bakin kwata ya karkata kai, sannan makulli ya fito daga aljihunsa.

Ba ƙarfen ne ke sa shi wannan zagayen ba, robar ce. Motocin da ya koyi aiki a kansu ƙarfe ne gaba da baya. Sai zamani ya zo da bamba ta roba, da robar da ke lulluɓe ƙasan ƙofa, da wadda ke zagaye bakin taya, kuma masu mota suna so a yi musu launi ɗaya da jikin motar, kada ido ya gane inda ƙarfe ya ƙare roba ta fara. Ina yarinya na ɗauka wannan ba wani aiki ba ne. Na ce masa ai gwangwani ɗaya ne, a fesa nan a fesa can, shi ke nan.

"Gwangwani ɗaya ne, Uwata," in ji shi, don haka yake kirana, "amma masu shan biyu ne. Zo ki gani."

Ya ɗauko guntun ƙarfe da guntun roba ya jera su, ya fesa musu ruwan azurfa daga bindiga ɗaya, hannunsa bai ko tsaya ba. Da suka bushe ya kai ni bakin rumfa ya ɗaga su. Ƙarfen ya yi fes, robar kuwa ta ɗan yi duhu, kamar wadda ta kwana da fushi. Ya ce a cikin irin wannan fenti akwai wasu 'yan ƙyalƙyali ƙanana da ido ba ya raba su. A kan ƙarfe kwanciya suke yi lafiya lau. A kan roba wasu su kwanta, wasu su tsaya a karkace, ga shi kuma ba lokaci ɗaya suke bushewa ba, sai kowanne ya mayar da haske ta hanyarsa.

"In kina so su zama ɗaya a ido," ya ce, "sai kin yi musu daban a gwangwani."

Abin da ya yi ta yi ke nan duk rayuwarsa. Ya duba lambar launin da kamfani ya buga a jikin mota, ya haɗa kamar yadda aka ce, sannan ya raba kason roba gefe ya shiga lallashinsa. Ɗigon fari a nan, ɗigon baƙi a can, wani lokaci ɗan ja da bai kai kan allura ba. Kowane haɗi sai ya gwada shi a guntaye biyu, kuma ba ya zubar da su bayan an gama. Huda su yake yi ya ɗaure da waya ya rataye a jikin katako, ƙarfe da robarsa, ƙarfe da robarsa, har suka cika gefen rumfar.

Idan na rufe ido yanzu, la'asar ɗin garejin nake gani. Rana ta sauko ta shigo ta ramukan kwano, ƙurar fenti na yawo a hankali cikin hasken, yau shuɗiya, gobe ja, ba ta sauri ba ta sauka. Bambobi na rataye a waya kamar shanya. Kwamfresa ta yi ta gurnani sai ta ɗauke ɗif, Kawu ma ya ajiye guduma ya tafi neman shayi, sai ka ji guntayen nan na taɓa juna in iska ta gifta. A tsakiyar wannan shirun Baba yake tsayawa, hannu a baya, yana kallon gefen mota kamar mai jiran ta yi masa magana. Ina iya kiransa sau nawa bai ji ba.

Umma ba ta taɓa shiri da warin tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, ba. Ta ce ko ruwan randarta ɗanɗanon fenti yake yi. In sun fita tare, ko dubiya ko kasuwa, sai ta waiga ta ga babu shi, yana can baya ya tsuguna gaban motar mutane yana leƙen inda bamba ta haɗu da ƙarfe.

"Da ni bamba ce da na sha kallo a gidan nan," take cewa.

"Ke ai tun daga kamfani kika fito daidai," in ji shi. "Me zan duba?"

Ta harare shi, amma ranar har yamma tana 'yan waƙe-waƙenta a kicin.

Ta yi doguwar jinya. Shekarunta na ƙarshe kusan duk a ɗakinta ta yi su, ɗakin da tagarsa ke kallon faɗuwar rana. Lokacin na yi aure ina can layin gaba, kullum ina zuwa da magani da kwanon abinci da surutuna. Baba ya koma tashi daga aiki da wuri. Ya wanke hannu da sabulu har fatar ta yi ja saboda warin, ya shiga ya zauna a 'yar kujera gefen gadonta. Ita ta jingina da bango kusa da taga, shi yana ƙasa, ba sa wata doguwar hira. Haka suke zama har hasken ya janye daga bangon. Ranar da ta rasu ba zan ba da labarinta ba.

Ashe duk tsawon lokacin nan yanar ido tana rufe masa gani a hankali, ba wanda ya lura. Mun dai ji yana cewa ƙwan lantarkin zamani ba shi da ƙarfi, rana ma ba kamar ta da ba. Muka ɗauka ƙorafin tsufa ne.

Wata shuɗiyar mota ce ta tona. Ta wata mata ce mai jigilar 'yan makaranta, wani ya buge ta ta baya aka sa sabuwar bamba. Baba ya yi aikinsa, ya kwanar da motar kamar kullum, da safe ya zagaya ta ya gamsu ya miƙa makulli. Matar ta karɓa ta dubi bambar, ba ta yi ƙorafi ba, don tana ganin girmansa. Kawu ne ya fito yana goge baki ya dubi motar ya ce, "Malam, wannan bambar ta wace mota ce?"

Baba ya ɗauka tsokana ce irin tasu. Da ya ga ba mai dariya, sai ya aika a kira ni. Na zo na duba. Jikin motar shuɗi ne mai sanyi irin na sama, bambar kuwa kamar an tsoma ta a ruwan bula. Shuɗin ne ba ya gani sosai, sai ya yi ta ƙarawa har ya gan shi. Ya tambaye ni, ni kuma bakina ba ya iya kwana, na ce, "Baba, ko daga ƙarshen layi za a gane." Ya karɓi makullin daga hannun matar ya ba ta haƙuri. Ban taɓa ganin ya tsufa ba sai a wannan safiyar.

Shi da kansa ya ce a kai shi asibitin ido. Likitan mutum ne mai sanyin magana, ya duba ya ce yanar ta kama duka biyun, za a fara da na dama, in ya warke a yi na hagu. Aka yi, aka cire bandeji, muka fito. Tun a bakin ƙofar asibiti Baba ya tsaya cak yana kallon sama.

"Uwata, dama haka take?"

Kwanakin da suka biyo baya kamar an ba ni yaro riƙo. Ya tsaya gaban farar mota ya ce dama fari fari ne haka. Ya ɗaga kofin shayinsa ya ce ashe akwai zane a jikinsa. Sai ya rufe wannan ido ya buɗe wancan, ya sake musanyawa, yana murmushi shi kaɗai a tsakiyar titi, masu babur na ta zabga masa oda. Ya ce na dama yana nuna masa duniya kamar an wanke ta an shanya. Na hagu kuwa yana nuna masa ita kamar an jiƙa ta a ruwan shayi, komai ya yi laushi, komai ya ɗauki ruwan zuma.

A wurin aiki ne abin ya daina ba da dariya. In ya buɗe duka biyun, launuka su yi ta faɗa a kansa har ciwon kai ya kwantar da shi. Sai ya koma ɗaure na hagu da tsumma. Launin bambar matar nan ya fito daidai, ba wanda zai ce ga inda aka haɗa. Amma ido ɗaya ba ya auna nisa. Bindigar fenti tana da tazarar da take so: in ka matsa fenti ya zubo kamar hawaye, in ka ja baya ya sauka busasshe ya yi kaushi. Hannun da bai taɓa kuskure wannan ba ya koma yana fesawa yana gogewa da samfefa yana sakewa. Aikin wuni ya zama na mako. Masu mota suka fara gaishe shi da ladabi suna wucewa garejin gaba.

Ranar aikin ido na biyu ta zo, bai je ba. Ya ce mura yake yi. Aka sa wata, ya ce akwai motar da bai gama ba. Likita ya kira ni ya ce yanar tana ƙara tauri, in aka bar ta aikin zai yi wuya, kuma tana iya jawo abin da ba a so. Na gwada lallashi, ban iya ba. Na gwada faɗa, wannan kam na iya, sai dai bai yi amfani ba. Na turo masa Kawu, suka ƙare da gardamar wanda ya fi tsufa a cikinsu. Ni a tunanina tsoron wuƙa yake yi, kuma abin ya ba ni haushi, mutumin da ya riga ya shiga ya fito lafiya.

Wata la'asar na zo da niyyar a yi ta ta ƙare. Ban same shi a gareji ba. Na shiga gida ina kira, na tura ƙofar ɗakin Umma, sai ga shi a 'yar kujerar nan gefen gado, ya sa tafin hannu ya rufe ido ɗaya. Na buɗe baki zan fara sai na lura na dama ya rufe, mai lafiyar.

"Baba, wannan kuma wane sabon salo ne? Mai gani ka rufe ka bar makahon?"

"Rage murya, Uwata. Zo ki zauna."

Na zauna a bakin gado, ba don na huce ba. Bai juyo ba, bangon yake kallo.

"Ranar da muka dawo daga asibiti na shigo nan," ya ce. "Na ɗauka wani ya shigo ya yi fenti ba da sanina ba. Bangon nan fari fat, sanyi ƙalau, kamar ɗakin da suka kwantar da ni. Na ce wannan ba ɗakinta ba ne. Har na juya zan fita, sai na rufe sabon idon. Sai ga ɗakin ya dawo."

Na dubi bangon. Fari ne mai ɗan duhun tsufa, kamar yadda na san shi tun ina yarinya.

"Da wannan idon na yi jinyarta," ya ce. "A wannan hasken na san ta a ƙarshe. In suka wanke shi, sun wanke ɗakin, ba ni da inda zan sake ganinsa."

"Umma ba ta cikin bango, Baba."

"Na sani. Ni ba mahaukaci ba ne. Amma hasken da ta zauna a ciki yana nan."

Na yi kuka a wurin, kuma ina kukan ina jin haushinsa, don gaskiyata tana nan ba ta je ko'ina ba: idon zai lalace, garejin zai mutu, in ya ci gaba a haka ɗakin ma da yake riƙo zai dushe masa. Na faɗa masa haka ina share hanci. Ya ce ya ji. Muka zauna har rana ta sauka daga bangon, shi yana kallon nasa ɗakin ni ina kallon nawa.

Ban sake tayar da maganar ba. Bayan 'yan makonni Kawu ya kira ni a waya yana dariya, ya ce in zo in ga ubana, ya bar motoci ya koma fentin gida, sauran ya sayi tsani ya shiga gari neman aiki. Na zo na tarar da bokitin farin fentin bango a tsakar gida, da 'yan kwalaben launi a jere, da guntayen katako da ya yanka daidai tafin hannu. Mutumin da ke cewa fentin gida aikin mai tsintsiya ne.

Ya sa ni na kwashe kayan ɗakin Umma kaf na kai tsohon ɗakina, ya ce kada su ɓaci. Daga nan kowace la'asar sai ya shiga ya tsaya kusa da taga da guntun katako a hannu. Ya rufe na dama ya dubi bango da na hagu, ya daɗe. Sannan ya rufe na hagu, ya kare gefen fuskarsa da hannu don kada sabon idon ya ga komai sai katakon, ya dube shi. Ya girgiza kai ya fita tsakar gida. Ɗigon rawaya, ɗigon ruwan ƙasa, ɗan ja a bakin tsinke. Ya shafa a sabon katako ya jingina, don fentin bango ba ya nuna gaskiyarsa sai ya bushe. Washegari ya sake.

Sai da na kalle shi kwana da kwanaki sannan na gane. So yake ya haɗa launin da sabon ido zai gani daidai da yadda tsohon ke ganin bangon.

"Zai yiwu kuwa?" na tambaye shi.

"Roba ma an shawo kanta," ya ce, bai ko ɗago ba.

Katakai suka taru a gindin katanga, daga mai hasken madara har mai duhun ƙasa. Wani katakon Baba ya ce ya yi zafi, wani ya ce ya mutu, wani ya ce saura ƙiris amma ba shi da rai. Ni duk kusan ɗaya nake ganinsu, amma na koyi riƙe bakina. Ina zuwa in zauna a dandamali in yi ta kallonsa yana shiga yana fita, ido ɗaya a rufe, leɓensa na motsi. Gidan ya yi tsit a yammacin waɗannan kwanakin. Ko tattabarun maƙwabta da suka saba tashi da ƙarar kwamfresa sun samu wurin zama a kan katangarmu.

Ranar da ya samu bai yi wata murna ba. Ya fito ya miƙo mini katakon ya ce, "Shi ne." Ya haɗa bokiti guda a kansa, ya fara shafa bango.

Abin da ban yi tunaninsa ba, shi ya riga ya yi. Duk inda ya shafa, tsohon idon ya rasa wurin, don zuma a kan zuma duhu take ba shi, kamar abin da ya ƙone. Kowane jan buroshi yana gyara wa idon gobe ɗaki yana rushe wa na yau. Shi ya sa ya shafe ko'ina ya bar wuri ɗaya kusa da taga, daidai inda Umma ke jingina bayanta. A nan yake zama da la'asar ya rufe na dama ya yi ta kallon wannan ɗan filin.

Shi ya kira likita da kansa ya karɓi rana. Ana gobe za a yi aikin ya ce in zo in riƙe masa farantin fenti. Muka jira har rana ta kai inda yake so. Ya tsaya gaban wurin da ya rage ya daɗe, har hannuna ya fara gajiya. Sannan ya tsoma buroshi ya rufe shi a hankali, daga sama zuwa ƙasa, bai bar ko layi ba.

Da ya fita wanke hannu na tsaya ni kaɗai. Launin ba rawaya ba ne, ba ruwan ƙasa ba, wani abu ne tsakanin zuma da madara, kuma da hasken yamma ya kwanta a kansa sai ɗakin ya yi ɗumi, ya matso kusa da mutum. Ban taɓa shiga wannan ɗakin ba. Duk shekarun da na yi ina sintiri da magani da kwano, wani ɗaki daban nake shiga, fari, mai warin asibiti, ina sauri in fita. Shi kuwa a nan yake zaune da ita. Na yi kishinsa, na kuma ji tausayin kaina.

Aikin ya yi kyau. Yana kwance a falo da bandeji na mayar da kayan Umma ɗaya bayan ɗaya, kowanne inda yake: gado, labule, 'yar kujera, abin da ke rataye a bayan ƙofa. Da aka buɗe idon likita ya ce ba abin da zai hana shi komawa bakin aikinsa, ya dai guji ƙura na ɗan lokaci. Kawu har ya fara yi masa lissafin motocin da ke jira. Baba ya ce su jira.

Bai shiga ɗakin ba sai da la'asar ta yi. Ya cire takalmi a bakin ƙofa ya shiga da idanunsa biyu a buɗe, ina biye da shi. Ya tsaya a tsakiya. Ya matsa kusa da taga, ya ja da baya, ya dubi sama, ya dubi kusurwa.

"Ya yi?" na ce.

"Bangon ya yi."

Sai ya dubi zanen gado, wanda ya yi fari ƙal a cikin wannan zumar, ya dubi labule, ya gyaɗa kai kamar wanda dama ya san za a yi haka. Ya juya zai ce mini wani abu, idonsa ya faɗa bayan ƙofa.

"Wannan mayafin na wane ne?"

"Na Umma ne. Wanda ka saya mata."

"A'a. Wanda na saya mata kore ne. Ita kore take so, shuɗi ta ce yana dusashe ta. Sai da na zaga rumfuna kafin na samu koren da ya yi mini."

"Shi ne wannan, Baba. Ba ta da wani."

Shuɗi ne, ba mai gardama a kai. Na tuna ranar da ya kawo shi, farkon ciwonta. Ya warware shi a gabanta yana cewa ga kore irin nata, na buɗe baki zan yi magana, ta damƙe mini hannu a ƙarƙashin bargo har sai da na ji zafi. Ta yafa ta ce, "Ai kai ka san launi." Shi take yafawa in za a kai ta asibiti, shi take rufe kafaɗa da shi da yamma, kuma duk ranar da ya ce koren ya karɓe ta sai ta ce ta gode. Na faɗa masa duk wannan a tsaye.

Ya sauke mayafin daga ƙusa ya kai shi bakin taga. Ya rufe ido ɗaya ya duba, ya rufe ɗayan ya duba, duk abu ɗaya suka faɗa masa. Ya zauna a bakin gado ya shimfiɗa shi a cinyarsa yana lallaɓa gefen da ya fara zare.

"Ta sani ke nan," ya ce. "Tun lokacin."

"Ta sani."

"Ba ta faɗa ba."

Na fita na ja musu ƙofa, shi da Umma.